Bahaushe Kuma Kirista: Abin da Fitowa Fili Ke Ci a Kano

Hotoro unguwa ce ta ma'aikata da 'yan kasuwa da masu ɗamara. Daga wajen defon mai na NNPC zuwa barikin 'yan sandan kwantar da tarzoma, daga Tsamiyar Boka zuwa bakin titin Maiduguri, da wuya a rasa irin mutumin Nijeriya da ake nema. Shi ya sa ba wanda ke ɗaga ido idan Bayarabe ko ɗan Ibo ko mutumin Filato ya ci ado ranar Lahadi da safe ya tari adaidaita sahu zuwa Sabon Gari ko Badawa. Da addininsa ya zo, ba kuma wanda ya sa ran zai ajiye shi a tasha. Kallon yana farawa ne idan mai riƙe da Littafi Mai Tsarkin sunansa Audu ko Garba, Hausarsa ta fi ta mai kallon zurfi, kakansa kuma a Rogo ko Sumaila aka binne shi. Nan da nan sai tambaya ta biyo baya: "Kai kuwa Bahaushe ne?" In ya ce eh, sai a ce, "To ya aka yi?"

Wanda bai zauna a Kano ba, idan ya ji ana maganar tsoron bayyana bangaskiyar Kirista, hankalinsa kan tafi ga wuta da adda. Waɗannan sun faru, za mu zo kansu. Amma wanda ya saurari masu bi na ƙasar Hausa da kunnen basira zai gane cewa abin da ke hana yawancinsu barci ba kisa ba ne, ba kuma kotu ba. Tsoron rasa mutane ne: uwa ta daina amsa gaisuwa, a yi bikin ƙanwa ba a gaya maka ba, abokin ciniki ya janye bashin da ya saba ba ka, a mutu a gidanku ka ji a bakin maƙwabta. A ƙasar da ake cewa mutum rahama ne, wanda aka raba da mutane an gama da shi ko da ba a taɓa lafiyar jikinsa ba.

Maganar ba ta yau ba ce, ta ma riga zuwan Turawa. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Ƙarofi, wanda ya hau gadon sarauta a 1855, an yi wani malami a birni mai suna Malam Ibrahim. Labarin da ya iso gare mu, ta bakin jikokin almajiransa da rubuce-rubucen 'yan mishan, shi ne cewa karatun Alƙur'ani ne ya kai shi ga ɗaukaka Annabi Isa fiye da yadda malaman zamaninsa za su lamunta. Aka nemi ya janye, ya ƙi, aka tsire shi a kasuwar birni. Almajiransa suka watsu, wasu suka nufi duwatsun Ningi, wasu ƙasar Zazzau, aka riƙa kiransu Isawa. Su ba Kiristoci ba ne a lokacin, ba su taɓa ganin coci ba, suna ɗaukar kansu Musulmi. Sai dai jikokinsu ne suka zama tushen jama'ar Kirista ta farko a cikin Hausawa Musulmi.

A 1900 Bishop Herbert Tugwell ya iso Kano da tawagar 'yan mishan na CMS, cikinsu har da wani matashin likita, Walter Miller. Sarki Alu bai ɓata lokaci ba, ya ba su 'yan kwanaki su tattara su bar masa gari. Bayan shekara uku Turawan mulki suka ci Kano da yaƙi, amma Lugard ya yi wa sarakuna alkawarin ba zai taɓa addininsu ba, kuma waɗanda suka gaje shi sun riƙe alkawarin da ƙarfi, don zaman lafiyar mulkinsu ya dogara da shi. Aka hana 'yan mishan wa'azi a cikin garuruwan Musulmi. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu da Saliyo da Gwalkwas suka kwararo, sai aka yanka musu Sabon Gari a bayan ganuwa, can suka gina majami'unsu. Wannan tsari ya bar gadon da har yau muke ɗauke da shi. Ya zana wa addini taswira: birni na Musulmi, Sabon Gari na Kirista, wato na baƙo. Yaron da ya tashi a Kano ya buɗi ido ya ga coci a unguwar baƙi, ana waƙa da harshen baƙi, ba abin mamaki ba ne ya girma da tunanin cewa Kirista da baƙo abu ɗaya ne. Bahaushen da ya shiga cocin kuwa, a idon danginsa ba addini kaɗai ya sauya ba, ƙabila ya sauya.

Miller ya samu wurin zama a birnin Zariya a 1905, kuma a 1913 wasu daga zuriyar Isawa suka neme shi. Aka kafa musu ƙauye a Gimi, ciwon barci ya yi musu mummunar ɓarna, waɗanda suka tsira suka koma Zariya, daga bisani mishan ɗin ya tashi zuwa Wusasa a 1929. Daga wannan 'yar ƙaramar jama'a aka samu Dokta R. A. B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, wanda ya shugabanci Jam'iyyar Mutanen Arewa tun tana ƙungiyar al'adu, wanda kuma asibitin koyarwa na Barau Dikko a Kaduna ke ɗauke da sunansa. Daga nan Farfesa Ishaya Audu ya fito, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya kuma yi ministan harkokin waje a jamhuriya ta biyu. John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, mutumin Wusasa ne. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Duk mai cewa Bahaushe ba ya zama Kirista, to yana musun mutanen da ya karanta littafinsu a makaranta, ya kwanta a asibitin da ke ɗauke da sunansu.

A Kano kuwa ƙofar da aka buɗe daban ce, kuma ita ma ta bar tabo. Mishan ɗin SIM, wanda ya haifi ECWA a 1954, bai samu shiga ta fada ko makarantun 'ya'yan manya ba. Ta wajen marasa lafiya ya shiga. A ƙarshen shekarun 1930 aka damƙa masa kula da kutare a Yadakunya, kamar yadda aka yi a Babbar Ruga ta Katsina da Amanawa ta Sakkwato. A 1943 aka buɗe asibitin ido na Kano, wanda har gobe mutane ke zuwa daga Nijar da Chadi. Aka yi makarantu a wurare irin su Roni da Kabo da Tofa. Waɗanda suka fara karɓar bishara a nan, da yawansu kutare ne, da marayu, da 'ya'yan talakawan karkara, da Maguzawa. Mutanen da dama can ba su da murya a gari. Don haka sai raini ya haɗu da ƙyama: a ce ai yunwa ce ta kai shi, ai magani aka saye shi da shi. Wataƙila an samu waɗanda hakan ta faru da su. Amma zancen ba ya bayyana dalilin da ya sa jikokinsu, waɗanda ba mai ba su ko allura, suke nan a kan bakansu bayan shekara tamanin, alhali komawa ɗaya ɓangaren ne zai fi kawo musu sauƙin rayuwa.

Mafi yawan Hausawa Kiristoci na yau ba su taɓa yin Musulunci ba, balle a ce sun fita. Iyayensu ko kakanninsu Maguzawa ne masu bin addinin gargajiya, waɗanda daga zamanin rangadin musuluntarwa na Sardauna a shekarun 1960 zuwa shekarun 1980 suka rabu biyu, wasu suka shiga Musulunci, wasu Kiristanci, sau da yawa a cikin gida ɗaya. Suna nan a Rogo da Ƙaraye da Gwarzo da Sumaila da Tudun Wada da Doguwa, suna nan a Malumfashi da Ƙafur da Matazu. Cocin Angalikan na da dayosis sukutum a Bari ta ƙasar Rogo. Suna da ƙungiyarsu, Tarayyar Masihiyawan Nijeriya, wadda ta haɗa Hausawa da Fulani da Barebari masu bi. Su ba wanda zai kore su daga gida, tunda gidan ma na masu bi ne. Matsalarsu tana farawa ne ranar da suka shigo birni. Shugabanninsu sun daɗe suna kuka a kan abubuwa sanannu: wahalar samun takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma ga mai suna Bulus ko Rifkatu, rashin malaman darasin addinin Kirista a makarantun gwamnati, wuyar samun fili da takardar mallaka don gina majami'a, da tsallake su wajen ɗaukar aiki da ƙarin girma.

A nan ne ɓoyon yau da kullum ke shigowa, wanda ba a rubuta shi a jarida. Saurayi mai suna biyu, Yakubu a ofis, Jacob a coci. Budurwa ta zumbula hijabi daga Hotoro, sai ta kai ƙofar majami'a ta cire ta cusa a jaka. Mai neman hayar ɗaki, da mai gida ya ce "Malam, ga masallaci nan kusa," sai ya yi murmushi ya ce madalla. Ɗalibi da azumi ya ɓuya ya sha ruwa, ba don girmama masu azumi ba, don kada a gane. Sunayen annabawa sun sauƙaƙa wannan: Musa, Haruna, Dauda, Iliya, Yusufu, Maryamu, duk na kowa ne. Ni ban ga laifin wanda ya yi shiru don ya samu wurin kwana ba. Amma shirun yana da farashi, kuma ba mai shirun kaɗai ke biya ba. Duk Bahaushe Kirista da ya ɓuya ya ƙara wa maƙwabcinsa tabbacin cewa babu irinsa, na bayansa kuma zai tarar da tambayar nan tana jiransa da ƙarfinta.

Sai kuma wanda ya tashi a gidan Musulunci ya ce ya bi Almasihu. Shi ne ke ɗauke da kaya mafi nauyi, kuma gara a faɗi abin da zai rasa dalla-dalla, domin masu yi masa kirari daga nesa ba su cika lissafawa ba. A fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan Musulunci na Kano ke bi a sha'anin iyali, bambancin addini yana hana gado, don haka ba shi da kaso a gidan ubansa ko gonarsa. Ridda tana warware aure, don haka matarsa za ta koma gidansu, kuma da wuya dangi su bar masa 'ya'ya. Ba zai zama waliyyin 'yarsa ba. In ya mutu ba za a yi masa salla ba, ba za a sa shi kusa da iyayensa ba. Waɗannan hukunce-hukunce ne rubutattu. Akwai kuma waɗanda ba a rubuta ba, su ne ma suka fi cizo. Kasuwancin Kano a kan amana yake tafiya: a Kantin Kwari ko Singa ko Dawanau, yaro yana ɗaukar kayan miliyoyi a kan kalmar ubangidansa, ubangidan kuma ya yarda da shi ne don ya san gidansu, ya san sahun da yake tsayawa. Ranar da labari ya fita, wannan jarin ya ƙone. Kuma kunyar ba a kansa kaɗai take sauka ba. Ubansa ne zai kasa haɗa ido da jama'a a masallacin unguwa, ƙannensa mata ne manema za su ja da baya. Da yawa daga masu ɓoye bangaskiyarsu ba kansu suke ji ba, tsohuwa suke tausayi.

Mace kuwa abin ya ninka. Namiji yana iya shiga mota ya nufi Jos ko Kaduna ko Abuja ya yi dako ya ci abinci. Budurwa ba ta da inda za ta ba tare da an ce an sace ta ba, kuma maganin da gida ya fi saurin kawowa shi ne a karɓe wayarta, a hana ta fita, a ɗaura mata aure da gaggawa.

Me doka ta ce? Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane mutum 'yancin addini, ya ambaci 'yancin sauya shi ƙarara, da 'yancin bayyana shi a fili ko a ɓoye. Sashe na 10 ya hana kowace gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin na hukuma, sashe na 42 ya hana nuna bambanci. Asalin waɗannan tanade-tanade yana komawa ga hukumar Willink ta 1957 zuwa 1958, wadda ta saurari koken ƙananan ƙabilu kafin samun 'yancin kai. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, da Kano ta ƙaddamar da shari'a a 2000, kundin hukunta laifuffukan da aka rubuta bai sa ridda a jerin laifuffuka ba, haka ma sauran jihohin, domin masu rubutawa sun san ba zai tsallake tsarin mulki ba. Wato a hukumance ba wanda za a gurfanar a Kano don kawai ya ce ya zama Kirista. Sai dai tazarar da ke tsakanin takarda da lungu tana da faɗi. Ƙarar da ba za a iya shigarwa da sunan ridda ba tana iya dawowa da sunan ɓatanci, ko tayar da hankalin jama'a, ko sace yarinya. Ɗan sandan da aka kai wa maganar kuma yakan ce, "Ku je ku sasanta a gida," alhali gidan ne ake gudu.

Ga kuma abin da gari ya gani da idonsa, wanda ke zaune a bayan kowace shawara. Rikicin 1982 a kan cocin Angalikan da ke Fagge. Tarzomar Oktoban 1991 da aka gayyato mai wa'azin nan Bajamushe Reinhard Bonnke. Kisan Gideon Akaluka a ƙarshen 1994. Harin da aka kai wa masu sujada a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero ranar 29 ga Afrilun 2012. Kisan Bridget Agbahime a kasuwar Ƙofar Wambai a Yunin 2016, inda aka kama mutane aka sake su ba tare da hukunci ba. Kisan Deborah Samuel a Sakkwato a Mayun 2022. Yawancin waɗannan ba a kan tubabbu suka faru ba, amma tubabbe yana karanta su da idon kansa: idan wanda aka haifa Kirista bai tsira daga zargi ba, ina ga ni? Wanda ya fi kusa da batunmu shi ne na Gidan Maso a ƙaramar hukumar Rogo a Afrilun 2015, inda aka ƙona cocin Baptist saboda wani saurayi da ya musulunta ya sake komawa Kiristanci. Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya yi tir da abin, ya ce a sake gina cocin. An yaba masa, kuma ya cancanci yabon.

To in haka farashin yake, me ya hana mutum ya riƙe abinsa a zuci ya huta? Musulmi da yawa suna yin wannan tambaya da zuciya ɗaya, kuma ya kamata su san amsar. Kiristanci, kamar Musulunci, addini ne na furuci. A Bisharar Matiyu sura ta 10, Yesu ya ɗaure shaidar da zai yi wa mutum a gaban Allah da shaidar da mutumin ya yi masa a gaban mutane, a surar kuma ya gargaɗi almajiransa cewa rabuwar za ta shiga har cikin gida. Manzo Bulus a wasiƙarsa ga Romawa ya haɗa gaskatawar zuciya da furucin baki. Baftisma kanta a gaban shaidu ake yi. Saboda haka mai bi da ke tsayawa a sahu yana kabbara don kada a gane shi, yana rayuwa ne da ciwon da ba ya iya gaya wa kowa, yana jin ya ci amanar ɓangare biyu a lokaci guda. Duk Musulmin da ya san nauyin kalmar shahada ba zai kasa gane wannan ba.

Amma Littafi Mai Tsarkin da ya zo da wannan umarni shi ne kuma ya ba da labarin Bitrus, wanda ya yi musun ubangidansa sau uku a dare ɗaya don tsoro, aka kuma dawo da shi aka ba shi jagoranci. Shi ne ya kawo Nikodimu mai zuwa da dare, da Yusufu mutumin Arimatiya da ya ɓoye almajirancinsa har ranar da aka buƙaci mai binne gawa. Fastocin da suka daɗe suna aiki a ƙasar Hausa sun san wannan, shi ya sa da yawansu ba sa gaggawar yi wa sabon mai bi baftisma, sukan ce ya jira ya samu sana'a, ya san inda zai kwana, ya bari halinsa ya riga bakinsa magana a gida. Wasu kuma na ganin wannan rauni ne, suna kawo misalin Leah Sharibu, 'yar makarantar Dapchi da aka sace a Fabrairun 2018, wadda abokan karatunta da aka sako suka ce an riƙe ta ne don ta ƙi barin addininta. Jarumtar yarinyar ba abin musu ba ce. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mai wa'azin da ke zaune lafiya a Legas ko Landan ya mayar da ita ma'aunin da zai auna yaron da ke kwana a soron ubansa a Kano. Wanda ba zai biya kuɗin hayar ba, bai kamata ya sa ranar tashin ba.

Wannan ya kawo mu ga ƙin da ba a cika magana a kai ba, wanda ke fitowa daga cikin coci. Tubabbe ya bar gidansu yana zaton ya tafi wajen 'yan'uwa, sai ya tarar da ido. Wasu na tsoron ɗan leƙen asiri ne. Wasu na tsoron fitinar da zuwansa zai jawo wa ginin da suka sha wahala kafin su samu. Wasu na zaton kuɗi ya zo nema, domin an taɓa yi musu haka. In ya nemi aure, iyayen yarinya su ce in ya koma fa? A lokacin rikici kuwa, Bahaushe Kirista ba shi da tudun dafawa: a wannan shinge addininsa ne laifi, a wancan shinge fuskarsa da rigarsa da harshensa. Akwai kuma akasin haka, wanda shi ma cuta ne, wato a mayar da shi abin baje koli, a ɗora shi a kan mumbari ya ba da shaida, a ɗauka a waya a watsa a Facebook, a zuga shi ya kushe addinin iyayensa don jama'a su yi tafi. Washegari kowa ya koma gidansa, shi kuma an rufe masa ƙofar komawa ko gaisuwa. Faɗin abin da ka gaskata daban, zagin abin da wani ya gaskata daban. Masu hikima cikin Masihiyawa sun fi kowa kiyaye wannan iyaka, don su ne ke zaune da ƙanin uba liman da ƙanwar uwa 'yar zumuntar mata.

Adalci ya sa a dubi iyayen ma. Uwar da ke kuka don ɗanta ya bar Musulunci ba muguwa ba ce. Ta yi imani da gaske cewa ɗanta ya kama hanyar wuta, kuma da yawa daga matsin da ake yi, daga ruƙiyya zuwa tara malamai zuwa yanke tallafi, a wurinsu ceto ne. Sannan ba Musulmi kaɗai ke korar 'ya'ya ba. Yaro ko yarinyar da suka musulunta a gidan Kirista, a ƙauyukan Kano ko kudancin Kaduna ko ƙasar Ibo, su ma sun san ɗacin wannan kofi. Bambancin shi ne a Kano wanda ya musulunta yana da hukumomi da ƙungiyoyi da attajirai da za su tarbe shi da rana tsaka, wanda ya bi ɗaya hanyar kuwa da dare ake fitar da shi.

Ba zan yi wa mai karatu wayo in ce fiƙihu bai yi tsanani a kan ridda ba. Littattafan da ake karantawa a zaurukan Kano, irin su Risala da Muhtasar, sun kawo hukuncin kisa bayan neman tuba na kwana uku. Akwai malaman zamani, irin su Ɗaha Jabir Al'alwani, da suka yi jayayya da wannan fahimta, suna kafa hujja da ayar Baƙara da ta kore tilas a addini, suna cewa hukuncin na wanda ya haɗa ficewa da yaƙar al'umma ne. Wannan muhawara ta malamai ce. Amma ko waɗanda suka riƙe tsohuwar fatawa sun haɗu a kan cewa hukunci na shugaba ne da alƙali, ba na yayan yarinya ba, ba na samarin unguwa ba. Kuma babu littafin da ya ce a hana Bamaguje da aka haifa Kirista takardar ƙaramar hukumarsa. Suratul Mumtahana ta halatta kyautatawa da adalci ga wanda bai yaƙe ku ba. An ba Asma'u 'yar Abubakar izinin sada zumunci da mahaifiyarta alhali uwar ba Musulma ba ce. Musulmin farko da Makka ta ƙi, a wurin sarki Kirista na Habasha suka samu mafaka. Al'ummar da tarihinta ya fara da mutanen da danginsu suka kora saboda furuci, ita ce ya kamata ta fi kowa sanin abin da take yi idan ta kori wani saboda nasa.

A ƙetaren iyaka, a Nijar, a Maraɗi da Tsibiri da Galmi, akwai Hausawa Kiristoci da suka fito daga aikin SIM ɗin nan guda, a ƙasar da gwamnatinta ba ta bin tsarin addini kuma babu rabon Kudu da Arewa irin namu. An daɗe ana misali da zaman lafiyarsu. Duk da haka tubabbe a can ma yana rasa mata da gado, kuma a Janairun 2015 an ƙona majami'u da dama a Damagaram da Yamai cikin kwana biyu. Ke nan doka ba ta isa ta sa uwa ta amsa gaisuwa ba, ko a ina.

Abin da doka za ta iya kuwa, a yi shi. Kano ta nuna tana iyawa idan ta ga dama: a Janairun 2012, lokacin zanga-zangar janye tallafin mai, Kiristoci sun kewaye Musulmi suna salla, Musulmi kuma sun bi majami'un Sabon Gari ranar Lahadi suna ba da tabbacin tsaro. Abin da ya rage shi ne irin wannan ya sauka daga dandalin taro ya shiga ofis da lungu. Shugaban ƙaramar hukuma ya sa hannu a takardar ɗan Rogo ko sunansa Bitrus. Ma'aikatar ilimi ta tura malamin darasin addinin Kirista inda akwai ɗaliban da ke buƙata. DPO ya karɓi ƙorafin balagaggen da ke tsoron danginsa a matsayin ƙorafi, kada ya mayar da shi hannun waɗanda ya gudo wa. Majami'un Sabon Gari da Badawa, kafin su nemi tubabbe ya tsaya a gaban jama'a, su fara tanadar masa ɗaki da sana'a da wanda zai tsaya masa a matsayin uba ranar aure. Mai gidan haya a Hotoro kuma, idan Audu ya gaya maka gaskiya cewa shi coci yake zuwa, ka tuna da ya so da ya yi maka ƙarya ka ba shi mukulli. Ka ba shi ɗakin.